Wai me ya sa Suwidin ta tura jakadu biyu da ba sa ga maciji zuwa sulhun Westfaliya?

Ramatu_Harobanda

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu tarihi da ƴan siyasar duniya ku taimaka mini. Ina shekara ta biyu a jami'ar Abdou Moumouni, an ba gurup ɗinmu ekspoze a kan sulhun Westfaliya na 1648 da ya kawo ƙarshen yaƙin shekara 30 a Jamus, muka raba aiki ni aka bar mini ɓangaren Suwidin. To duk inda na buɗe sunaye biyu ke fitowa, Johan Oxenstierna da Johan Adler Salvius, wai su ne suka wakilci ƙasar a garin Osnabrück, kuma wai ba sa shiri ko kaɗan har kowa yana kai ƙarar ɗan uwansa gida a takarda. Shi Oxenstierna na gane shi, ɗan babban waziri ne. Amma wannan Salvius ɗin daga ina ya fito? Kuma ta yaya ƙasa tana tsakiyar yaƙi za ta aiki mutum biyu masu gaba da juna wurin sulhu, ganganci ne ko dabara? A cikinsu waye ainihin mai magana?

Mushe Issufu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin faɗo kan wanda ya fi kowa daɗin labari a tawagar nan, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Salvius ba ɗan kowa ba ne. An haife shi a 1590 a wani ƙaramin gari mai suna Strängnäs, babansa magatakardan gari ne, ba sarauta ba dukiya. Karatu ne ya fitar da shi. Ya fara a Uppsala, ya bi jami'o'in Jamus irin su Rostock da Helmstedt da Marburg, ya gangara Faransa ya ɗan taɓa likitanci a Montpellier, daga ƙarshe ya zama dokta a fannin shari'a a Valence a 1619. Ki tuna yaƙin shekara 30 ya tashi a 1618, ke nan kafin ma Suwidin ta shiga yaƙin shi ya riga ya san Jamus ciki da bai, ya san sarakunanta da dokokinta masu rikitarwa, yana jin Jamusanci yana rubuta Latin kamar ruwa, kuma Latin ɗin ne yaren takardun jakadanci a lokacin.

Da ya koma gida sarki Gustav Adolf ya ja shi jiki. Ya sa hannu wajen tsara sabon birnin Göteborg, ya zauna a babbar kotun Svea, ya zama sakataren sarki ana aikensa nan da can, a 1629 aka shigar da shi sahun masu sarauta. A shekarar nan ne Danmak da sarkin daula Ferdinand na biyu, wato mai daular Roma Mai Tsarki da ta haɗa sarakunan Jamus, suke sulhu a Lübeck, Suwidin ta aika a sa ta ciki, Salvius na cikin ƴan aiken, aka ƙi ba su ko wurin zama. Shekara na zagayowa, 1630, Gustav Adolf ya sauka da sojoji a gaɓar Pomeraniya, kuma takardar da aka buga aka watsa a Turai cikin harsuna daban daban don a bayyana dalilin shigar Suwidin yaƙi, Salvius ne ya rubuta ta, kuma wulaƙancin Lübeck na cikin laifukan da ya lissafa. Abin da ke burge ni a takardar shi ne ba ta tsaya kan kare addinin Furotesta ba kamar yadda mutane suke zato, ta tsaya kan an ci mutuncin sarki, an taimaki maƙiyansa a Polan, ana neman kwace tekun Baltik. Mutumin ya san Faransa ƴar Katolika ce kuma ana buƙatar kuɗinta.

Kuɗin nan shi ne sirrinsa. An zaunar da shi a Hamburg, birnin ƴan kasuwa da masu ba da bashi, shekaru da yawa, ta hannunsa tallafin Faransa ke bi ya isa wurin soja, idan ya yi jinkiri shi ke zagawa ya ciwo bashi. Bayan an kashe Gustav Adolf a Lützen a 1632, aka kuma ragargaza sojan Suwidin a Nördlingen a 1634, yawancin sarakunan Jamus suka juya baya suka shirya da sarkin daula a Prag a 1635, abin da ya riƙe Suwidin a fagen daga shi ne yarjejeniyar Hamburg ta 1638 da Salvius ya ƙulla da jakadan Faransa d'Avaux, Faransa za ta riƙa ba da riksdala (kuɗin Suwidin na lokacin) 400,000 duk shekara kuma babu wanda zai yi sulhu shi kaɗai ya bar ɗan uwansa. A 1641 suka sabunta ta, kuma a watan Disamba na wannan shekarar shi ne ya sa hannu a takardar share fage da ta zaɓi Münster da Osnabrück a matsayin wuraren zama. Wato taron da kike karantawa da hannunsa aka gina shi.

To sai ga tambayarki. Lokacin da za a naɗa shugaban tawaga, ƙasar tana hannun waziri Axel Oxenstierna ne don sarauniya Kiristina yarinya ce, sai a 1644 ta karɓi mulki da kanta. A tsarin wancan zamanin ba a tura ɗan magatakarda ya zauna gaba da gaba da manyan masu sarautar Faransa da na daula a matsayin shugaba, za a ce an rena su. Dole a sa mai suna. Waziri ya sa ɗansa Johan, wanda Salvius ya girma da sama da shekara 20, shi kuma Salvius aka sa shi na biyu don shi ya san aikin. Kamar dai a tura neman aure ne, a sa ɗan gidan da sunansa ke buɗe ƙofa a gaba, a haɗa shi da dattijon da ya san abin da za a faɗa idan an shiga zaure. Ba Suwidin kaɗai ba, Faransa ma d'Avaux da Servien haka suka yi ta cin naman juna har sai da aka turo Longueville ya zauna a kansu.

Amma rigimar ta wuce ta hali. Waziri da ɗansa suna so a ja magana a matse daula a samu ƙasa mai yawa tunda soja na cin nasara, ita kuma Kiristina tana so a gama yaƙin, kuma tana so ta rage ƙarfin gidan Oxenstierna a fada. Sai Salvius ya zama mutuminta, tana rubuta masa takardu a asirce ba ta hannun waziri ba. Don haka idan malaminku ya tambaye ki waye mai magana, ki ce a takarda Johan ne, amma daga 1647 zuwa sama bakin sarauniya yana wurin Salvius.

ɗan_Adar

Mushe sannu da ƙoƙari, Allah shi ƙara ilimi, amma ni dai wanga yabo ya yi mini yawa, kun tsallake wuri guda. Mi ya sa masu kuɗɗin Hamburg sunka yarda su ba ɗan magatakarda bashin da za a ciyar da runduna? Ai ba don Latin nai ba ne. Mutumen ga ya auri wata bazawara mai suna Margareta, matar wani maƙerin zinariya da ya rasu ya bar mata dukiya, kuma ta girme shi da kamar shekara 30. Shina ɗan talatin da wani abu ita ta haura sittin. Ku hwaɗa mini soyayya ce in ji. Da wagga dukiya ya samu ƙafar tsayawa, ya riƙa ba gwamnatinshi bashi da kanshi, kuma wanda kuɗɗin ƙasa ke bi ta hannunshi shekara da shekaru kuma shina bin ƙasar bashi, kun san ba ya tashi hannu wofi. Ya mutu cikin manyan masu arzikin Suwidin.

Kuma wanga son sulhu da ake ta yaba mai, mu duba mi anka samu. Suwidin ta tashi da yammacin Pomeraniya har da Stettin da tsibirin Rügen, ga Wismar, ga Bremen da Verden, wato bakin manyan kogunan Jamus ta arewa, Oder da Elbe da Weser, duk sun shiga hannunta ko ƙarƙashin idonta. Sannan anka ɗora ma Jamusawan da yaƙi ya cinye riksdala miliyan 5 su biya sojan da sunka kwashe shekara 18 suna cin amfanin gonarsu. Sojan ma miliyan 20 sunka fara nema. To mai sassaucin ke nan. Ramatu ƙanwata in za ki tsaya gaban amfi kada ki maishe shi waliyyi, ki ce dai ya fi ɗan waziri sanin inda ya kamata a tsaya da ciniki.

Abu guda da zan ƙara, tunda kullum sai a nuna muna kamar sulhu tsakanin sarakuna Turawa sunka ƙirƙiro shi. A tarihin sarakunan Kano an rubuta Sarki Kutumbi ya rasu a 1648 sanadin yaƙi da Katsina, shekara guda da Westfaliya, kuma a zamanin Sarki Shekarau, 1649 zuwa 1651, anka yi sulhu tsakanin Kano da Katsina bayan yaƙin da ya daɗe ƙwarai, kuma malamai ne sunka shiga tsakani, ba ƴaƴan sarki ba. In kin samu minti guda cikin ekspoze ki jefa wannan.

Mushe Issufu

Malam ɗan Adar maganar auren gaskiya ce ban musa ba, kuma tsohuwar ma ita ta binne shi, ta rayu bayansa. Amma mu yi masa adalci, mai kuɗin mata da yawa an yi a Turai ba su rubuta yarjejeniya ko ɗaya ba. Kuma shi bashin da ya riƙa ci da sunansa kasada ce, da Suwidin ta faɗi a 1635 ko 1636 da shi za a fara kamawa a Hamburg.

Maganar Pomeraniya kuwa nan ne ma bambancinsu ya fi fitowa. Sarkin Pomeraniya na ƙarshe, Bogislaw na 14, ya rasu a 1637 ba magaji, kuma bisa tsohuwar yarjejeniyar gado Brandenburg ce ke da haƙƙin ƙasar. Suwidin ta fara da neman duka. Abin da aka tsaya a kai shi ne raba ta, yamma ga Suwidin gabas ga Brandenburg, aka share wa Brandenburg hawaye da Halberstadt da Minden da alƙawarin Magdeburg. Salvius na cikin masu ganin a karɓi rabi a wuce wurin, don kowane wata da aka ƙara ana ja, soja na ƙara cin kuɗi kuma abokan Suwidin ƴan Furotesta na ƙara tsanarta.

Abdulkarim_M2

Ramatu ni shawarata ta ɗan kauce daga tambayarki amma za ta cece ki ranar ekspoze. Kusan kowane gurup da ya yi Westfaliya sai ya tashi ya ce wai a 1648 aka haifi ƴancin kan ƙasa da dokar kada wata ƙasa ta tsoma baki a harkar wata, an haddace shi kamar karatun allo, kuma yanzu da kalmar suberente, wato ƴancin kan ƙasa, ta cika gari daga rediyo har fada wurin shayi kowa sai ya jawo Westfaliya ya kafa hujja. To ɓangaren da aka ba ki shi ne ya fi kowanne ƙaryata wannan magana. Ƙasashen da Suwidin ta samu ba a yanke su daga daular aka manna mata ba, an ba ta su ne a matsayin mai riƙo a ƙarƙashin sarkin daula, har ta samu kujeru a majalisar daular, wato sarauniyar Suwidin mai cin gashin kanta a Sitokholm amma a Pomeraniya tana cikin hakiman Ferdinand na uku. Kuma Faransa da Suwidin suka zama masu lamunin yarjejeniyar, ma'ana an ba ƙasashen waje biyu ƙofar shiga harkar cikin gidan Jamus a rubuce. Ina rashin tsoma bakin yake a nan?

Abin da aka warware da gaske shi ne rigimar addini a cikin daular, aka ɗauki shekarar 1624 a matsayin ma'auni, wanda ke riƙe da coci ko ƙasar coci a wannan shekarar ya ci gaba da riƙewa, aka kuma amince da mabiya Calvin tare da Katolika da mabiya Luther. Fafaroma Innocent na 10 ya yi Allah wadai da abin, ba wanda ya saurare shi. Yaƙin Faransa da Sifen kuma bai ma tsaya ba sai 1659.

Game da gari biyu ɗin, in an tambaye ki, tsakaninsu kamar kilomita 50 ne, kuma dalilin raba su shi ne wakilin Fafaroma, Fabio Chigi wanda daga baya shi ma ya zama Fafaroma, ba zai zauna ɗaki ɗaya da ƴan Furotesta ba, sannan Faransa da Suwidin kowa ba ya yarda a ce ɗayan ne gaba a wurin zama. A Münster akwai masu shiga tsakani, Chigi da Contarini na Venis. A Osnabrück da Danmak ce za ta yi wannan aikin, sai Suwidin ta far mata da yaƙi a 1643 ta kawar da ita, shi ya sa su Salvius suka riƙa magana kai tsaye da mutanen sarkin daula irin su Trauttmansdorff, kuma a irin wannan zama wanda ya san dosiye shi ke cin riba, ba mai dogon suna ba.

Ramatu_Harobanda

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Abdulkarim wallahi abokin gurup ɗinmu da ke da gabatarwa da wannan jimlar ta ƴancin kan ƙasa ya buɗe, yau akwai rigima a gurup. Mushe saura abu ɗaya, shi waziri ya zuba ido ne kawai yarinya ƴar shekara 20 tana zagaye shi tana aiki da yaron ɗansa? Kuma bayan an sa hannu me ya faru da Salvius ɗin, an saka masa ko an yar da shi?

Mushe Issufu

Bai zuba ido ba amma ƙarfinsa ya fara raguwa, kuma Kiristina ba ta da tsoro. A 1647 ta aika wa jakadun biyu wata takarda mai zafi tana zarginsu da jan ƙafa, ta ce su gama ko su gamu da fushinta, sai ta haɗa da wata ƙarama ta gefe zuwa ga Salvius shi kaɗai tana gaya masa kada ya damu ba da shi take ba, har tana cewa ya ba ta labarin yadda fuskar Johan ta yi lokacin da yake karantawa. Ki duba irin wannan, shugabar ƙasa da kanta. Waziri ya ji zafin abin sosai har ya janye jiki daga fada na ɗan lokaci. Shi ma Johan ɗin bai taimaki kansa ba, ana ba da labarin girman kansa da son kayan alfarma a Osnabrück, abokan zama ba su cika son sha'ani da shi ba.

A watan Maris na 1648, tun ba a sa hannu ba, ta naɗa Salvius ɗan majalisar ƙoli ta ƙasa, majalisar da manyan gidaje suka ɗauka gadonsu ce. Suka yi ta gunaguni, ta ba su amsa da cewa idan shawara ake nema ba a tambayar kakannin mutum nawa ne masu sarauta, abin da zai iya ake dubawa. Wannan naɗin saƙo ne ga kowa a wurin taron cewa ga wanda sarauniya ke bayansa. Duk da haka kada ki ɗauka alƙalami kaɗai ya gama aikin, a watan Yuli na shekarar sojan Suwidin ƙarƙashin Königsmarck suka shiga wani ɓangare na birnin Prag suka kwashe dukiyar fadar, wannan ma ya taimaka wajen sa Ferdinand ya sauko. Ranar 24 ga Oktoba 1648 aka sa hannu.

Ba a yar da shi ba. Ya ɗan ƙara zama a Jamus don maganar biyan soja da sallamarsu ba ta ƙare ranar sa hannu ba, sai da aka sake wani dogon zama a Nürnberg har 1650. Ya koma Sitokholm, a 1651 aka ƙara masa girma zuwa baron, amma bai daɗe yana cin moriyar ba, ya rasu a watan Agusta na 1652. A babban cocin Sitokholm aka binne shi, kuma teburin ibada na azurfa da baƙin katako da ke cocin har yau daga dukiyarsa da ta matarsa ya fito. Shekara biyu bayan rasuwarsa, 1654, Kiristina ta ajiye sarauta ta bar ƙasar ta koma Katolika, waziri Axel shi ma ya rasu a wannan shekarar, ita kuma daga baya ta tare a Roma.

ɗan_Adar

To kun gani mushe, har teburin cocin ma da kuɗɗin tsohuwa anka yi shi. Ramatu in kun gama ki turo muna not ɗin da anka ba ku, kuma ki gaya ma mai gabatarwar nan shi canza jimlarshi tun bai hau amfi ba.